Tafiya taron wasannin bidiyo: shirin da ƙaramin mai ƙirƙira zai yi don kada ya dawo hannu rabbana

Kafin ka nemi tikitin jirgi, ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya: me za ka je nema? Abin da mai ƙirƙirar wasa mai zaman kansa ke samu a taro bai wuce huɗu ba. Ko kuɗi daga kamfanin da zai wallafa wasan, ko idon 'yan jarida da masu yaɗa wasa kai tsaye, ko 'yan wasa da za su taɓa abin da ka gina ka ga inda suke tuntuɓe, ko kuwa ilimi da abokan sana'a. Kowane taro da ɓangaren da ya fi ƙarfi a kai, kuma yawancin asarar da ake tafkawa daga nan take farawa. Sai ka ga mutum ya kwashi kuɗin da zai riƙe shi wata shida ya tafi taron 'yan kallo neman mawallafi, ko ya ƙawata rumfa a taron 'yan kasuwa yana jiran jama'ar da ba za ta zo ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Zaɓi buƙata ɗaya, ita za ta faɗa maka taron da za ka je, tikitin da za ka saya, da kayan da za ka ɗauka.

Wane taro ne na wace buƙata

GDC, babban taron masu ƙirƙirar wasanni wanda ake yi a zauren Moscone da ke San Faransisko cikin watan Maris, taron 'yan sana'a ne. Ya faro tun 1988, kuma ba a yi shi don 'yan kallo ba. Abin da ke cikinsa laccoci ne, ganawa da kamfanoni, da gasar IGF ta wasanni masu zaman kansu. Tikitinsa hawa-hawa ne, mai buɗe dukkan laccoci kuwa yana da tsada sosai. Idan ganawa ce ta kai ka, ba ka buƙatar babban tikiti, domin yawancin ganawar a harabar otal-otal da wuraren shan shayi na kewaye ake yinta, da lambun Yerba Buena da ke daura da zauren, inda masu ƙirƙira ke zazzaune a kan ciyawa duk tsawon makon. Akwai kuma tsarin 'yan sa-kai mai suna Conference Associates: ka yi aikin wasu sa'o'i kana tsaron ƙofa da nuna hanya, a ba ka damar shiga taron. Watanni kafin Maris ake rufe neman gurbinsa.

Gamescom na birnin Kolon a Jamus, cikin Agusta, wani abu ne daban. Tun 2009 ake yinsa a Koelnmesse, kuma masu halarta sun haura 300,000. Gida biyu ne a rufi ɗaya: ɓangaren nishaɗi inda jama'a ke cincirindo, da ɓangaren kasuwanci da ba a shiga sai da tikitin 'yan sana'a. Ƙananan masu ƙirƙira kan taru a babbar rumfar haɗaka ta Indie Arena Booth, wadda ake neman gurbi a cikinta a tantance. Kwana biyu kafin buɗe gamescom ana yin taron laccoci na masu ƙirƙira wanda a da ake kira devcom, yanzu kuma gamescom dev. Ga mai neman mawallafi da jama'a a tafiya ɗaya, nan ne ya fi kusa da biyan buƙata biyu, amma fa sai ku biyu ne, domin zaurukan suna da nisa da juna.

PAX East a Boston da PAX West a Seattle na 'yan wasa ne zalla. Nan ake zuwa ganin yadda baƙo ke riƙe wasanka. Tokyo Game Show, a Makuhari Messe da ke Chiba cikin Satumba, yana fara da ranakun kasuwanci sannan ya buɗe wa jama'a. BitSummit na Kyoto, wanda ya fara a 2013, na ƙananan wasanni ne tun daga tushe.

Sai matsakaita: Nordic Game a Malmö ta Suwidin, Develop:Brighton a Ingila, Digital Dragons a Kraków ta Poland, A MAZE. a Berlin ga masu wasannin da suka kauce wa layin kasuwa, da Africa Games Week a Cape Town. A ra'ayinmu tafiyar farko ta fi dacewa da irin waɗannan. Wakilin kamfanin da ba zai iya ba ka minti biyar a Kolon ba, a ƙaramin taro sai ka same shi tsaye a layin abinci ba shi da abin yi. Kafin su ma, haɗuwar masu ƙirƙira ta wata-wata mafi kusa da kai, ko Global Game Jam da ake yi a wurare da dama na duniya cikin Janairu, ta isa ka koyi bayanin wasanka a gaban baƙo ba tare da ka biya kuɗin jirgi ba.

Lissafi daga baya zuwa gaba

Rubuta ranar buɗe taro, ka riƙa ƙirgowa baya. Wata shida zuwa takwas kafin nan ake buɗe neman gurbi a rumfunan haɗaka da gasanni. Na IGF, misali, tun cikin kakar shekarar da ta gabata ake rufewa. Suna neman bidiyon talla, hotunan cikin wasa, da sigar da alƙalai za su iya bugawa. Otal ma tun lokacin ake kama shi, wanda za a iya sokewa ba tare da tara ba. Wata uku kafin taro, jirgi da biza. Mako huɗu zuwa shida, neman ganawa. Mako ɗaya, a rufe sigar nuni, wato a daina gyara ɗan yankin wasan da baƙi za su buga a rumfa.

Biza ita ce mai kashe tafiya tun ba a fara ba, idan fasfonka na buƙatarta. Ta Schengen, wadda ake shiga Jamus, Suwidin da Poland da ita, ana iya nemanta tun wata shida kafin tafiya, kuma ba a karɓa idan ya rage ƙasa da kwana 15. A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45. Kuɗinta yuro 90 ne tun Yunin 2024. Dole fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar fitarka, da shafi biyu da ba a buga komai ba, sannan da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a ciki ake nema, ba wanda ya fi saurin ba da rana ba. Ta Amurka kuwa B-1 ce, ana cike fom ɗin DS-160 a biya dala 185, kuma abin da ke cin lokaci shi ne samun ranar ganawa da jami'i, wanda a wasu ofisoshin yakan ɗauki watanni. Tana ba ka damar halartar taro da tattauna kasuwanci, ba ta ba ka damar yin aikin albashi. Ingila da Japan kowace da tata bizar. Ta Schengen ba ta shiga da kai Brighton.

Manyan taruka kan ba da takardar gayyata bayan ka yi rajista. Nemi ta da wuri, ka tabbata sunan da ke kanta ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Haɗa ta da shaidar cewa sana'arka ce: shafin wasanka a Steam (kasuwar sayar da wasanni ta intanet), takardar rajistar kamfani in akwai, wasiƙar karɓar wasanka a rumfa. Kada ka sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Kuɗin da ba a gani a farko

Jirgi, otal da tikitin shiga kowa ya san da su. Waɗanda ke ba da mamaki suna cikin littafin masu baje koli, wanda ake turo maka bayan ka biya kuɗin fili, kuma mutane ƙalilan ne ke karanta shi zuwa ƙarshe. A zaurukan Amurka, fili mai ƙafa 10 sau 10 yana iya zuwa ba wuta, ba kafet, ba intanet. Kowanne daban ake oda, kuma farashin yana tashi idan ranar rangwame ta wuce. Akwai kuma kuɗin ɗaukar kaya daga ƙofar zaure zuwa rumfarka, wanda ake lissafawa da nauyi, kowane fam 100, ko da tazarar ba ta kai taku ɗari ba. A wasu zaurukan ma'aikatan ƙungiyar ƙwadago ne kaɗai ke da izinin jona wuta ko tura amalanke. Abin da ka iya ɗauka da hannunka yawanci ba a caje shi, shi ya sa rumfar da ta shiga akwati biyu ta fi wadda aka aiko a kwantena.

Wannan ne dalilin da ya sa rumfar haɗaka ta fi wa mai tafiya shi kaɗai: an haɗa tebur, wuta, allo, wani lokaci har da kwamfuta a farashi ɗaya, kuma jama'a da 'yan jarida sun san inda take.

Wurin kwana ana iya rage masa tsada da jirgin ƙasa. Lokacin gamescom otal-otal na Kolon kan cika, sai mutane su sauka a Bonn ko Düsseldorf su riƙa shigowa tashar Messe/Deutz da ke bakin zauren. Mai zuwa Tokyo Game Show ya tuna cewa Makuhari ba cikin Tokyo take ba. Daga tashar Tokyo zuwa Kaihin-Makuhari a layin Keiyo tafiyar sama da rabin sa'a ce. Duba lokacin jirgin ƙarshe na dare, domin hirar da ta fi amfani sau da yawa bayan rufe zaure ake yinta. A kan jimillar da ka samu ƙara kashi 20 cikin ɗari na ko-ta-kwana. Idan kuɗin duka ya kai ya taɓa wanda za ka ƙarasa wasan da shi, a bar tafiyar sai baɗi.

Sigar nuni ba ita ce wasanka ba

Nan ne aikin yake. Wasan da aka gina don mutum ya zauna a ɗakinsa cikin natsuwa ba zai yi aiki a zaure mai hayaniya ba, inda mai bugawa yake tsaye, abokansa na jiransa, kuma bai san kai waye ba. Sai an yanka masa siga ta musamman.

Tsawonta minti 5 zuwa 10. Yi lissafin da kanka: idan kowa ya ɗauki minti 10, musaya da gaisuwa suka ci 2, kujera ɗaya na ɗaukar mutum 5 a sa'a. Kujera biyu a yinin sa'a 8 mutum 80 ke nan. Ka bar sigar ta kai rabin sa'a, adadin ya faɗo zuwa 30, sauran kuwa sun hango layi ba ya motsi sun wuce. Dole ta kasance da ƙarshe bayyananne, shafin da ke cewa an gode, ga sunan wasa, ga lambar QR. In ba haka ba, wani zai zauna har ka rasa yadda za ka tashe shi.

Fara ta daga inda daɗin yake. Cire doguwar gabatarwar labari, cire shafin ƙirƙirar suna da zaɓen kamanni. Cikin daƙiƙa 30 ya kamata hannun mutum ya fara yin abin da wasan ya ginu a kai. Bayanin maɓallai ya fito a kan allo a daidai lokacin da ake buƙatarsa, da manyan haruffa, domin babu mai karanta sakin layi a tsaye, kuma muryar cikin wasa ba za ta jiyu ba. Hoton maɓallin ya dace da hannun wasan da ka ajiye, wato abin riƙewa mai maɓallai da ake buga wasa da shi: maɓallin A a hannun Xbox yana ƙasa, a na Nintendo yana dama, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya sa mutum ya mutu sau uku ya ajiye ya tafi. Idan Japan za ka, fassara rubutun sigar da takardar bayanin maɓallai zuwa Japananci, ko da sauran wasan bai samu fassara ba.

Sai abubuwan da ke sa rumfa ta riƙe kanta ko ba ka nan. Idan an yi daƙiƙa 60 zuwa 90 ba a taɓa komai ba, wasan ya koma farko da kansa, ya goge duk abin da na baya ya ajiye. A shafin farko bidiyon wasan ya riƙa juyawa, domin allo mai motsi ke tsayar da mai wucewa, ba tambari a tsaye ba. Sa wani haɗin maɓallai na sirri da zai mayar da wasa farko nan take, da wani da zai tsallake wuri mai wuya idan ɗan jarida mai sauri ya maƙale. Cire zaɓin fita daga wasa, toshe maɓallin Windows da Alt+F4, in ma zai yiwu ɓoye allon rubutu gaba ɗaya. Rubuta ɗan ƙaramin umarni da zai sake kunna wasan idan ya mutu. Kuma ka sa ya riƙa rubuta wa kansa rahoto a fayil: minti nawa aka buga, ina aka mutu, a ina aka ajiye hannu. Bayan kwana uku ƙwaƙwalwarka za ta cakuɗa fuskoki, fayil ɗin ba zai cakuɗa ba.

Kada sigar ta dogara da intanet ko kaɗan. Dubban wayoyi a zaure ɗaya suna kashe Wi-Fi. Idan ta Steam take tashi, gwada ta a yanayin rashin intanet, ko ka fitar da wadda ba ta buƙatarsa. Kashe sabuntawar Windows, sanarwa, da barcin allo.

Gwajin da aka fi tsallakewa shi ne na juriya. Kunna sigar a kan ainihin na'urar da za ka tafi da ita, ka bar ta sa'a 8 ba kashewa, tana komawa farko tana sakewa. A nan ne yoyon ma'adanar wucin gadi ke bayyana, wato wasa ya riƙa cin wuri kaɗan-kaɗan ba ya saki har ya tsaya, a nan ne kuma za ka ga ko laftof na rage gudu idan ta yi zafi. Gwajin minti goma a teburinka ba zai nuna ko ɗaya ba. Daga nan a rufe sigar mako guda kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya: gyaran da aka yi a ɗakin otal da tsakar dare shi ne mai karya abin da yake aiki lafiya. In ya zama dole ka gyara wani abu a can, ajiye tsohuwar sigar a gefe yadda za ka koma mata cikin minti ɗaya. Kwafi biyu a filas biyu, ɗaya a aljihu, ɗaya a akwati.

Abu biyu na izini. A gamescom dokar kare yara ta Jamus na aiki: wasan da ake nunawa a ɓangaren jama'a yana buƙatar tantancewar shekaru ta hukumar USK, kuma na 'yan 16 ko 18 sai an kare shi daga idon masu wucewa. Tambayi masu rumfar tun farko yadda ake yi da ranar rufewa. Sannan idan kana da na'urar gwaji ta kamfanin da ke ƙera na'urar wasa, tana ƙarƙashin yarjejeniyar sirri, ba a fitar da ita bainar jama'a sai da izininsu.

Kaya da wuta

Hannun wasa mai waya, ba na Bluetooth ba. Zangon 2.4 GHz a cike yake a zaure, sai ka ga an danna maɓalli wasa bai amsa ba sai daga baya, mai bugawa kuwa wasanka zai ɗora wa laifi. Ga kowace kujera a tanadi hannu biyu, wayar HDMI biyu, hedifon mai rufe kunne da abin goge shi. Idan talabijin aka ba ka maimakon allon kwamfuta, shiga saitinsa ka kunna yanayin wasa, in ba haka ba sarrafa hoton da yake yi zai jawo jinkiri tsakanin hannu da ido. Kada ka ɗauko allo a jirgi. Haya ko saye a can ya fi arha a kan fashewa a hanya.

Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Jamus da Ingila 230, ta Japan 100, kuma bakin soket ɗinsu ya bambanta: na Ingila mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga na Jamus mai zagaye. Karanta jikin kowace caja. Idan an rubuta 100–240V, adafta kawai take buƙata. Tsofaffin akwatunan wutar kwamfutar tebur suna da ɗan jan makunni na 115 da 230; ka bar shi a 115 ka jona a Kolon, hayaƙi za ka gani. Haka wayar rarraba wuta mai kariya da aka yi don 120, ba a jona ta a 230. Tara wat ɗin kayanka kafin ka yi odar wuta: laftof ta wasa na iya jan 200 zuwa 300, allo 30 zuwa 60. Ƙaramin layin da ake sayarwa a zaurukan Amurka sau da yawa wat 500 ne, kujera biyu na iya haura shi.

Batirin lithium a jakar hannu yake tafiya, ba a akwatin da ake aunawa ba. Har zuwa 100 Wh ba a neman izini, daga nan zuwa 160 sai kamfanin jirgi ya yarda. Fawa banki mai 20,000 mAh kusan 74 Wh ne, ya wuce lafiya. Laftof da filas su ma kada su rabu da kai. Idan kayan nuni masu tsada ne da yawa, bincika takardar ATA Carnet, wadda ke ba da damar shiga da kaya na ɗan lokaci ba tare da biyan kuɗin kwastan ba a ƙasashen da suka amince da ita. Tana aiki har shekara ɗaya.

Na'urar nuni kada ta ƙunshi asalin rubutun manhajar wasanka ko imel ɗinka. Buɗe mata sabon asusu, ɗaure ta da makullin waya a ƙafar tebur, ka tafi da ita masauki kowane dare. Ƙananan abubuwa kuma: salatif mai ƙarfi na liƙe wayoyi a ƙasa, almakashi, alƙalami, robar ruwa, takalmi mai taushi.

A bakin rumfa

Shirya jimla ɗaya da ke faɗin me ɗan wasa ke yi da abin da ya bambanta wasan, wadda za ka iya faɗa sau ɗari uku ba ta wuce daƙiƙa goma ba. Tsaya a gefen rumfa, kada ka zauna a bayan tebur kana duba waya. Da ka miƙa wa mutum hannun wasa, ja baya ka yi shiru. Wannan shi ne mafi wuya. Za ka ga yana zagaye ƙofar da kai kake gani ƙuru-ƙuru, bakinka na ƙaiƙayi. Bar shi. Ranar da ya sayi wasan ba ka tare da shi. Idan mutum biyar suka ɓata a wuri ɗaya, laifin wurin ne, rubuta shi. In ya gama kada ka tambaye shi ko ya ji daɗi, domin kunya za ta sa ya ce e. Tambaye shi ina ya rikice, ko me ya ɗauka ana so ya yi. Abin da hannunsa ya yi ya fi abin da bakinsa ya faɗa gaskiya.

Shafin wasanka a Steam ya kasance a buɗe kafin taro, ko da na "yana nan tafe" ne. Kuɗin shigar da wasa dala 100 ne. Ba tare da shi ba babu inda mai sha'awa zai sa wasan a jerin abin da yake son saya, sha'awar kuwa kafin ya kai rumfa ta gaba ta huce. Sa alamar UTM, wato ɗan rubutun da ke nuna inda mai ziyara ya fito, a mahaɗin da ke cikin lambar QR don ka san ziyarar da ta fito daga taron, amma ka sani lissafin zai gaza gaskiya, domin mutane da yawa ba su shiga asusunsu a burauzar waya ba. Kati mai hoton wasa da sunansa da manyan haruffa yana cike wannan giɓi.

Kada ka yi rumfa kai kaɗai in da hali. In babu, yi yarjejeniya da maƙwabcin rumfa tun ranar kafawa: ka koya masa haɗin maɓallan komawa farko, ya koya maka nasa, ku riƙa karɓar juna lokacin cin abinci da uzuri. Murya kan tafi a rana ta biyu, don haka sha ruwa, kada ka yi gasa da lasifikar maƙwabta. Wanke hannu akai-akai. Murar bayan taro sananniya ce a wannan sana'a. Da ka fita titi, cire bajen wuyanka.

Ganawa da mawallafa

Ba a samunta da sa'a kawai. Taruka da yawa suna amfani da manhajar haɗa ganawa irin MeetToMatch, kuma jadawalin masu neman wasa na cika makonni kafin a buɗe ƙofa. Duba wasannin da kamfani ya wallafa a shekaru biyu ko uku na baya. Wanda ya ƙware a wasannin dabara ba zai karɓi na tsere ba komai kyansa. Saƙon neman ganawa ya zama layi huɗu ko biyar: nau'in wasa, na'urorin da zai fito a kai, matakin da yake, abin da kake nema, da mahaɗin bidiyo. Kamfani goma da ka zaɓa da kyau sun fi hamsin da ka watsa wa saƙo iri ɗaya.

Ganawar yawanci rabin sa'a ce, kuma ana makara. Fara da bidiyon minti ɗaya na ainihin wasa, wanda ke cikin na'urarka ba a intanet ba. Sai shafuka 10 zuwa 12: wasan, waɗanda aka yi wa shi, wasanni makamanta da yadda suka karɓu, su wa ke aikin, jadawali, kasafi. Kasafin lissafi ne mai sauƙi, yawan mutane sau watanni sau kuɗin wata, a ƙara fassara, gwaji, sauti da ajiyar ko-ta-kwana. Faɗi adadin kai tsaye. Mai rage kuɗi don ya burge yana nuna bai san aikin ba, kuma su sun ga kasafi ɗaruruwa. Bar minti goma na ƙarshe su buga ko su yi tambaya.

Kai ma ka tambaya. Wa zai mallaki wasan da sunansa? Wane kuɗi za su fara cirewa kafin a raba riba, shin har da na talla, kuma yana da iyaka? Kashi nawa ne naka kafin su mayar da kuɗinsu, nawa bayan nan? Me zai faru idan suka janye a tsakiya? Ba a sa hannu a kwangila a taro, ko da an ce tayin na yau ne kawai. Sai lauyan da ya san harkar ya karanta. Bar tazarar minti 15 tsakanin ganawa biyu, a Kolon ma fiye, domin tafiya daga zaure zuwa zaure cikin cunkoso na cinye ta.

'Yan jarida su ma tun kafin taro ake rubuta musu, da lambar rumfa da mahaɗin shafin da ke ɗauke da hotuna, tambari, bidiyo da taƙaitaccen bayani. Bayan taro za ka sami saƙonni masu neman mabuɗan wasa, wato lambobin da ake sauke wasan da su, kyauta da sunan fitattun masu yaɗawa. Da yawansu na bogi ne, sayar da mabuɗan suke yi. Tura wa adireshin da ke kan ainihin tashar mutumin kawai.

Bayan an naɗe rumfa

Kowane dare, kafin barci, rubuta layi ɗaya a kan duk wanda ka karɓi katinsa: me kuka tattauna, me ka yi alkawarin turawa. Cikin mako guda da dawowa ka aika saƙon, da abin da aka nema a haɗe: siga, shafuka, bidiyo. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In an yi shiru, tunatarwa ɗaya bayan mako biyu ta isa.

Sigar nunin kada ta kwanta. Gyara wuraren da rahoton ya nuna ana ɓata, sai ta zama tushen wadda za ka kai Steam Next Fest, bikin nuna wasannin da ke tafe a Steam, da ake yi a Fabrairu, Yuni da Oktoba. Kowane wasa sau ɗaya yake shiga, don haka a ajiye shi sai wanda ya fi kusa da ranar fitowa. Daga nan ka ɗauko takardar nan mai jimla ɗaya, ka rubuta a ƙasanta jimillar abin da ka kashe, adadin ganawar da ta kai ga ta biyu, sabbin masu jiran wasan a makon taro da wanda ya biyo baya, da jerin gyare-gyaren da ka samo. Da waɗannan lambobi za ka yanke ko za ka sake kama otal a garin nan baɗi, kuma idan za ka kama, yanzu ne lokacin, tun farashin bai tashi ba.